Kafin ka kwashe shafinka daga WordPress zuwa Hugo

Ƙanina, idan ka gaji da sabunta WordPress, manhajar da ke tafiyar da shafinka, da biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, duk wata, har ka yanke shawarar komawa Hugo ko Jekyll ko Eleventy, shawarar ba ta da laifi. Waɗannan manhajoji uku suna ɗaukar rubutunka na Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, su gina shafukan HTML tun kafin mai karatu ya zo, don haka babu PHP, babu rumbun bayanai na MySQL, kuma ƙofofin da masu kutse suka saba bi sun ragu sosai. Sai dai yawancinmu da muka riga ka mun ƙare makon farko wajen zaɓen ado da launi, alhali abin da ke lalacewa a ƙaura shi ne adireshin shafuka.

Don haka fara da adireshi. Kafin ka taɓa komai, sauke taswirar shafinka, wato wp-sitemap.xml ko sitemap.xml, ka adana jerin duk adireshin da ke ciki a fayil guda. A WordPress rubutu yakan zauna a /2019/05/suna/, Hugo kuwa zai kai shi /posts/suna/ idan ba ka hana shi ba. Ranar da hakan ta faru, duk mahaɗin da wani ya taɓa turawa da duk wanda Google ya sani zai koma kuskure mai lamba 404, wato ba a sami shafin ba. Mafi sauƙi shi ne ka saita permalinks, wato tsarin adireshin shafuka, a fayil ɗin saiti na hugo.toml ya bi tsohon tsari. Inda taken rubutu yake da ƙ ko ɗ ko ɓ, kada ka bar wa manhaja ta yi maka zaɓi. Rubuta layin url a saman fayil ɗin rubutun da hannunka daidai da adireshin da.

Adireshin da ba makawa sai ya canza, a tura shi zuwa sabon. A nan akwai bambancin da ba a cika lura da shi ba. Layin aliases na Hugo ƙaramin shafi kawai yake ginawa wanda ke tura burauza gaba. Turawa ta gaske mai lamba 301 saba ce ke yin ta, kuma masu ajiye shafi irin su Netlify da Cloudflare Pages suna karanta ta daga fayil mai suna _redirects. GitHub Pages ba ya yin wannan, shi ya sa ban cika ba mai tsohon shafi shawarar sa ba. Kar ka manta da /feed/ ma, adireshin RSS da ke kai wa mabiya sababbin rubutu: Hugo yana ajiye nasa a /index.xml, kuma masu bin ka ta RSS ba za su yi ƙorafi ba, shiru kawai za ka ji.

Sai hotuna. Fayil ɗin XML da WordPress ke fitarwa rubutu ne da adireshin hotuna, hotunan kansu ba sa ciki. Kwafo jakar wp-content/uploads gaba ɗayanta ka sa ta cikin jakar static ta Hugo da sunanta yadda yake, tsofaffin mahaɗai su ci gaba da aiki. Za ka ga kowane hoto da 'yan'uwansa masu ƙarin -300x200 ko -1024x768. Kar ka share su sai ka tabbatar babu rubutun da ke kiran su. Ka kuma tuna GitHub yana ƙin fayil da ya wuce MB 100, kuma shafin GitHub Pages bai kamata ya wuce GB 1 ba. Wani abin haushi: Windows ba ya bambanta Hoto.JPG da hoto.jpg, amma Linux da ke kan saba yana bambantawa. Hoton zai fito a kwamfutarka, ya ɓace a intanet.

Bayan an juya rubutun zuwa Markdown, nemi alamomin WordPress na [caption] da [gallery], domin za su fito tsirara a tsakiyar rubutu. Taken da ke da alamar ɗigo biyu, sa shi cikin alamar zance, in ba haka ba YAML, tsarin bayanan da ke saman fayil, zai tsayar da ginin duka. Rubutun da ya ƙi fitowa kuwa, duba ko draft yana true, ko kwanan watansa yana gaba. Hugo ba ya wallafa irin waɗannan sai an umarce shi. Fom ɗin tuntuɓa da akwatin bincike ba za su biyo ka ba. Manhajar Pagefind tana magance bincike, fom kuma sai ka haɗa da wata hidimar waje.

Rubuta lambar sigar Hugo da ka yi aiki da ita a HUGO_VERSION a wurin da ake gina shafin, kada saba ta yi amfani da wata daban adon ya watse.

Saura ranar sauya DNS, wato saitin da ke haɗa sunan shafinka da saba. Kwana ɗaya kafin nan, rage TTL, wato tsawon lokacin da ake tuna tsohon saitin, zuwa daƙiƙa 300. Kwafi bayanan MX da TXT na DNS, waɗanda imel ke dogara da su, kafin ka canza komai, domin sau da yawa imel ɗinka yana zaune a kamfanin da ke riƙe da tsohon shafin, kuma ranar da ka rufe asusun, saƙonni za su daina shigowa. Bar tsohon asusun a buɗe wata guda, ka bi jerin adireshin nan ɗaya bayan ɗaya a sabon shafin, kowanne ya ba ka lamba 200, wato shafin yana nan, ko 301.