Girkawa sun ce kowa ya koyi kiɗa, amma kada ya gwanance

Wata rana ana cikin shagali a fadar Masidoniya, ɗan Sarki Filibus ya ɗauki abin kiɗa ya kaɗa, ya kuwa burge kowa. Maimakon uban ya sa masa albarka, sai ya dube shi ya ce, "Ba ka jin kunya, ka iya kiɗa har haka?" Yaron nan shi ne Iskandar, wanda daga baya ya ci Farisa da yaƙi, ya dangana da Indiya. Fulutak, marubucin tarihin manyan mutane, shi ya kawo labarin. Uban fa bai hana shi kiɗa ba. Gwanintar ce ta ɓata masa rai.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin cikin mutanen da can da na karanta labarinsu ban ga waɗanda suka ɗauki kiɗa da girma kamar Girkawa ba. A birnin Atina na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗan mai hali wurin malamai uku ake kai shi: na karatu da rubutu, na kokawa da motsa jiki, sai na kiɗan lira, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Akwai wani kofin yumɓu a gidan tarihi na Balin, a Jamus, da wani mai zane, Duris, ya yi wa ado wajen shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga yaro nan zaune gaban malaminsa mai gemu, kowa da lirarsa a cinya, can gefe kuma wani dattijo riƙe da sanda yana jiran a tashi ya mayar da ɗan maigida. Da dare in maza sun taru wurin hira da shaye-shaye, lira zagayawa take yi hannu zuwa hannu, kowa ya rera nasa. Temistokilis, jarumin da ya karya jiragen Farisa a Salamis, sai da aka yi masa gori don bai iya ba. Ya ce shi kam bai san ɗaure tsirkiya ba, amma a ba shi ɗan ƙaramin gari, zai mayar da shi babban birni. Amsar ta yi daɗi, sai dai daga jin ta ka san gorin ya taɓa shi.

Ita lirar ba wani kayan tsada ba ce. Kwanson kunkuru ake samu, a rufe bakinsa da fatar sa, a kafa hannaye biyu na itace ko na ƙaho, a gicciya sanda a samansu. Daga sandar nan tsirkiya bakwai na hanjin tumaki suke saukowa zuwa gindin kwanson. Ba a danna tsirkiya don a sauya mata murya, kowace ɗaya da sautinta, sai dai a murɗa ɗaurinta a jikin sandar, a tsuke ko a sassauta. Hannun dama yana riƙe da ɗan guntun ƙaho ko ƙashi, yana karce tsirkiyoyin gaba ɗaya. Aikin gwaninta na hannun hagu ne, wanda ke bayansu: yatsu su dafe waɗanda ba a so su yi magana, su bar sauran. Wanda ya taɓa zama Sudan ya ga masu kaɗa ɗambur, ya ga wannan hannun hagun da idonsa, don har yau haka suke yi. A tatsuniyarsu Girkawa sun ce Hamis, ɗaya daga abubuwan bautarsu, shi ya fara ƙera ta ranar da aka haife shi, ya kuma saci shanun yayansa Afolo, da asiri ya tonu ya lallashe shi da ita.

Wannan ta gida ce da makaranta. Ta fagen gasa daban take, sunanta kitara. Akwatin katako ne babba mai nauyi, mai amon da zai kai kunnen dubban mutane a fili. Mai kaɗa ta a tsaye yake yi, kan dandamali, cikin doguwar riga mai ado, yana kiɗa yana waƙa. A gasar garin Delfi ganye kawai ake naɗa wa zakara a ka, amma a babban bikin Atina kuɗi ne tsababa. Wani rubutu da aka sassaƙa kan dutse a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya nuna wanda ya zo na ɗaya yana karɓar kambin zinariya na dirakma (kuɗin Girkawa) 1,000, da wasu 500 na azurfa a hannu. Magina da masassaƙan da suka yi aikin wani ɗakin bauta a kan tudun Akurofolis na Atina, a ƙarshen ƙarni na 5, dirakma ɗaya ake biyansu a yini. Waƙar yini guda ke nan ta haura ladan shekara huɗu na magini.

To a nan ne manya suka murtuke fuska. Aristotal, wanda shi ne ma malamin Iskandar, ya ce yaro ya koyi kiɗa don in ya girma ya iya bambance mai kyau da maras kyau, sannan ya ajiye. Kitara kuwa kada a shigar da ita makaranta sam, don kayan masu sana'a ce. Hujjarsa ita ce mai kiɗan gasa ba don gyaran kansa yake yi ba, don daɗin 'yan kallo yake yi, aikin ɗan ƙwadago ke nan. Har ya kafa hujja da cewa mawaƙa ba su taɓa nuna Zus, babban abin bautarsu, yana kiɗa da kansa ba.

Ni dai ban ga hikima a nan ba, girman kai na gani irin na mai gona da bayi, wanda bai taɓa neman na tuwo da hannunsa ba. Kuma ba baƙon hali ba ne a wurinmu: a yi wa makaɗi kyautar riga da doki, a haddace waƙarsa, amma ranar da ya aiko neman auren 'yar gidan sai a tuna ba a haɗa iri da maroƙa.

Wanda ya fi shan wannan tsangwama shi ne Timotiyos, mutumin Militus, wanda ya rayu daga tsakiyar ƙarni na 5 zuwa cikin na 4. Ya ga bakwai sun yi masa kaɗan, ya mayar da tsirkiyoyin kitararsa 11, yana sauya salo a tsakiyar waƙa yadda ya ga dama. Aflatun bai son irin wannan ko kaɗan, gani yake in aka taɓa tsarin kiɗa to dokokin gari ma za su girgiza. Mutanen Sifata kuwa ba su tsaya dogon turanci ba. An ce da Timotiyos ya je gasa a garinsu, wani mahukunci ya zaro wuƙa ya tambaye shi ta wane gefe yake so a yanke rarar tsirkiyoyin. Wani matafiyi, Fosaniyas, ya rubuta a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa cewa a zauren taronsu suka rataye kitarar don nuna ƙyamar abin da ya yi.

Jama'a kuwa Timotiyos suka bi. Bayan mutuwarsa da kimanin shekara 200, masanin tarihi Folibiyos ya ce a yankinsu na Arkadiya, cikin duwatsu, waƙoƙin Timotiyos ɗin nan ne ake koya wa yara, kuma kowace shekara sai sun fito fili sun rera su a gasa.