Nutso na 14 da na 15: iskar arewa a Dahab

'Yan uwa masu koyon nutso, ga inda aka kwana. Na samu hutun karatu a Alƙahira na sake komawa Dahab, a gaɓar Mashigin Aƙaba na Bahar Maliya, inda yawancin wuraren nutso da ƙafa ake shiga, ba sai an hau jirgi ba. Nutso 13 da na yi a baya duk ruwa a kwance na same shi. Wannan karon iskar arewa ta kwana tana kaɗawa.

Da safe muka nufi wurin da ake kira Eel Garden. A can sai ka taka kan faƙon murjani mara zurfi kafin ka kai inda za ka nutse, kuma a kan faƙon nan raƙuman ruwa suke fashewa. Malaminmu ya hana mu taɓa kaya, ya ce mu zauna mu kalli tekun minti 10. Da na natsu sai na ga ashe ba a jere ɗaya suke zuwa ba: manya uku ko huɗu su biyo juna, sannan ruwan ya ɗan lafa. A wannan lafawar ake shiga, a cikinta kuma ake fita. Amma ranar ruwa ya janye, faƙon ya kusa bayyana. Abokin nutsona ya ce hankalinsa bai kwanta ba. Babu wanda ya tambaye shi dalili, domin ƙa'idar ke nan: kowa na da ikon fasa nutso a kowane lokaci. Raina ya ɗan sosu, na yi tafiya mai nisa saboda wurin, amma gaskiyarsa ce. Muka koma wani wurin nutso da ake kira Lighthouse, inda gaɓa ta tare iskar, muka yi na 14 lami lafiya.

Washegari ruwa ya cika, iska ta ragu, muka koma Eel Garden. Kafin mu taka ruwa muka duba juna: rigar iska tana cika tana sacewa, dalmar da ke ƙara nauyi don a iya nutsewa a ɗaure yadda hannu ɗaya zai kwance ta, silinda a buɗe, ma'auni na nuna bar 200 (awon matsin iskar da ke cikin silinda). Ku tuna Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, saboda haka dalmar da za ka ɗaura tana ƙaruwa. Da silinda mai lita 12 da dalma kilo 8, kayan da ke jikina sun haura kilo 25. Mai ɗauke da wannan nauyi, tura kaɗan ke kayar da shi.

Muka shiga a karkace, kafaɗa tana fuskantar ruwan, ƙafafu a ware, tabarau a fuska, bututun numfashi a baki, rigar da 'yar iska a ciki. Hannuna ɗaya a kan kafaɗar abokina. Da ruwa ya kai ƙugu na dafa shi na saka takalman iyo, shi yana tsaye idonsa a kan teku, sannan muka yi musanya. Ba a taɓa sunkuyawa tare. Wannan shi ne abin da ya fi zauna mini a kai a duk tafiyar.

Ƙasa kuwa lafiya ƙalau. Ba mu wuce mita 18 ba, muka kalli kifayen nan masu kama da macizai suna leƙowa daga yashi, muka tsaya minti 3 a mita 5. Mun yi shawara tun a waje cewa za mu taso da sauran iska bar 70 maimakon 50 da aka saba, saboda fita na iya cin iska.

A fitar ne na yi kuskure. Ruwa bai wuce gwiwa ba, na ɗauka an gama, na cire bututun daga baki zan yi magana, na kuma juya wa teku baya. Sai ji na yi an make ni, na kife. Na yunƙura zan miƙe, raƙumin ruwa na biyu ya sake danne ni, na sha ruwan gishiri. Abokina bai yi ƙoƙarin ɗaga ni ba, da mu biyun za mu zube. Durƙusawa ya yi, ya riƙe wuyan silindata, ya miƙo mini bututunsa na ko-ta-kwana. Muka jira manyan suka wuce, na rarrafa har inda ruwa ba ya kaiwa. Murjani ya kuje mini tafin hannu, kuma Allah Ya sa ban ɗora shi a kan bushiyar teku ba, ga su nan birjik a cikin ramukan faƙon.

Malam bai yi faɗa ba. Ya ce gobe, in Allah Ya kai mu, zan shiga in fita sau biyar a Lighthouse da cikakkun kaya, ba tare da na nutse ba, bututu a baki har sai ƙafata ta taka busasshen tsakuwa. Wanda cikinku ya iya saka takalman iyo da hannu ɗaya ba tare da ya sunkuya sosai ba, don Allah ya faɗa mini yadda yake yi, domin har yanzu na hagu yana ɗaukar mini lokaci.