Rediyon Baba da yaƙin Afganistan

Jiya ina share ɗakin marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da tsohuwar rediyonsa a ƙarƙashin gado, eriyar ɗaure da ƙyauro kamar yadda ya bar ta. Nan take Afganistan ta faɗo min a rai.

Ina ɗan firamare sojojin Tarayyar Sobiyat suka kutsa Kabul a Disamban 1979, suka kashe shugaban ƙasar, Hafizullah Amin, suka ɗora Babrak Karmal a kan mulki. Kullum da daddare Baba zai kama BBC, ya murɗa zuwa Rediyon Mosko, wai ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Baffa kuwa sai ya buga cinya ya ce, "Yaya, talakawa ne fa a kan duwatsu suka gagari Rasha!" Baba ya ce, "To, wa ke saya musu harsashi?"

Ni a lokacin haushin tambayar nake ji. Sai da na girma na san kuɗin Amurka ne da na Saudiyya, suna bi ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan. Daga 1986 aka ba mujahidai makamin Stinger, suka riƙa kakkaɓo jirage masu saukar ungulu.

A Fabrairun 1989 Sobiyat ta fice, ta yi asarar soja kusan 15,000. Baffa ya raba goro. Da mujahidan suka koma ruwan rokoki a kan Kabul bayan 1992, bai ƙara tayar da zancen ba.

Na sa wa rediyon sabon batir ɗazu. Shuuu kawai take yi.