Abin da mai tsara zane ta gani a wasana

Shekara biyu na yi ina ƙera wani wasan tebur, inda kowane ɗan wasa yake tura jiragen ruwansa daga tasha zuwa tasha yana musayar kaya. Katunan da allon wasan ni na zana su da kaina a kwamfuta, domin a lokacin na ɗauka zane ado ne kawai, abin da ake waiwaya a ƙarshe.

Duk ranar da na tara mutane su gwada, tambayar ɗaya ce: "Wannan katin me yake yi?" Sai na zaci ƙa'idojin ne suka yi tsauri. Na yi ta rage su, har na cire ɓangaren guguwar teku, wanda shi na fi so a duk wasan. Tambayar ba ta daina ba.

Da abin ya ishe ni na nemi wata ƙwararriyar mai tsara zane. Ba ta fara da duba zanena ba. Cewa ta yi a buga wasan a gabanta, ta ja kujera gefe ta yi shiru kusan awa guda. Da aka tashi ta ɗebi kati biyar ta baza su a hannu kamar yadda kowa yake yi, ta ce, "Malam, duba nan, ina lambobinka?" Wallahi ko ɗaya ba a gani. Na sa su a ƙasan kati ta dama, daidai inda katin gaba da babban yatsa suke rufewa. Karta ta yau da kullum a kusurwar sama take ɗauke da lamba saboda wannan dalilin, kuma na sha riƙe ta ban taɓa lura ba. Katin wasa faɗinsa kusan milimita 63 ne, tsawonsa 88, ba fili ne da za a yi almubazzaranci da shi ba.

Sai maganar launi. Ta lura wani abokina yana jinkiri duk lokacin da zai ɗauki jan kaya ko kore. Da ta tambaye shi a hankali, ya ce tun yana yaro launukan nan biyu suke rikita shi. Wata shida yana buga wasana bai faɗa ba. Ana ƙiyasta cewa a wasu al'ummu namiji 1 cikin 12 yana da wannan matsala, shi ya sa wasanni irin su Ticket to Ride suke haɗa kowane launi da alamarsa. Mu ma haka muka yi: kowane kaya da siffarsa, ko da an buga shi baƙi da fari za a gane.

A wajen ɗab'i ma ta cece ni. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, tsarin da ake kira CMYK, shi ya sa shuɗin tekuna mai sheƙi ya fito a dushe a gwajin farko. Ta kuma nuna min cewa dole zane ya zarce layin yanka da kusan milimita 3, in ba haka ba wuƙar inji tana ɗan kaucewa sai farin layi ya bayyana a gefen kati.

Mun yi saɓani sau ɗaya. Hoton jirgin da na kwana ina zanawa ta rage shi zuwa rabi don rubutu ya samu wurin numfashi. Ya yi min zafi ƙwarai, amma ita ce da gaskiya. A nan na fahimci mai zana hoto daban, mai tsara zane daban: na farko yana sa a so kati, na biyu yana sa a karanta shi daga ɗaya gefen tebur. Da tun farko na kira ta, da na huta da gyare-gyaren wata da watanni da na yi wa ƙa'idojin da lafiyarsu ƙalau.

Na mayar da guguwar teku cikin wasan. A gwajin da ya biyo baya wata yarinya da ba ta taɓa ganinsa ba ta ja katin guguwa, ta dube shi ɗan lokaci, ta matsar da jirginta baya taki biyu, ta miƙa wa na kusa da ita zagaye.