Kafin ka sayi jif mai layi uku, fara zama a kujerar can baya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

Ina rubuto muku ne daga Houston, a jihar Teksas ta Amurka, da fatan kowa yana lafiya, da iyalai da harkoki. A cikin wata biyun nan mutum uku ne suka kira ni daga gida, biyu daga Kano, ɗaya daga Maraɗi, kowa yana so in duba masa jif mai layi uku na kujeru a wajen gwanjon motoci, a ɗora masa a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: ƙirar wace shekara ce, ta yi tafiya da yawa, kujerunta na fata ne, baƙa ce ko fara. Babu wanda ya tambaye ni ko babban mutum zai iya zama a layin baya, ko kuma ina za a zuba kaya idan kowace kujera ta samu mai ita. Ni kuwa waɗannan biyun su ne suka fi damuna, don na ga abin da idona.

Bara mahaifiyata ta zo mana ziyara, sai aka gayyace mu suna a Dallas, tafiyar kusan awa huɗu. Mu bakwai ne: ni, maiɗakina, Hajiya da yara huɗu. Na karɓo hayar wata jif matsakaiciya wadda aka rubuta cewa tana ɗaukar mutum bakwai. A nan doka ta ce yaron da bai kai shekara 8 ba dole ya zauna a kujerar yara ta musamman, sai fa idan tsawonsa ya wuce santimita 145, saboda haka ƙananan biyu da kujerunsu suka cinye layin tsakiya, uwarsu ta matsu a tsakaninsu. Hajiya ta zauna gaba. Manyan yaran biyu suka wuce can baya. Da na ɗaga ƙofar but don zuba kaya, abin da ya rage a bayan kujerun nan bai fi faɗin akwati ɗaya a tsaye ba. Akwati guda da kula suka shiga. Sauran jakunkuna da keken tura jariri sai a cinya da ƙarƙashin ƙafa. Ba mu yi awa biyu ba babban ɗana, mai shekara 15, ya ce ƙafarsa ta sage. Da muka tsaya shan mai ya fito yana ɗingishi, Hajiya ta leƙa inda ya zauna, ta girgiza kai ta ce, "Ai Fijo ta fi wannan mutunta fasinja."

Tana nufin Fijo 504 doguwa, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, mai layi uku, wadda duk wanda ya yi tafiya daga tasha a shekarun baya ya san ta. Wanda ya taɓa samun kujerar bayanta ya san ba wurin hutu ba ne, amma tun daga zane an yi ta ne da niyyar ɗaukar mutane. Jif ɗin da muka hau kuwa mota ce ta mutum biyar da aka ƙara wa kujeru biyu a cikin but.

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Layi na uku da but wuri ɗaya suke rabawa. In ka ɗaga kujerun ka rasa wurin kaya, in ka kwantar da su ka rasa wurin mutum biyu ko uku. Dillali zai nuna maka but a buɗe, kujeru a kwance, fili kamar ɗaki. Sannan ya ƙirga maka kujeru bakwai ko takwas. Duka biyun gaskiya ne, amma ba a lokaci guda ba. Mu kuwa tafiyarmu, ta Sallah ce ko ta biki ko ta gaisuwa, mutane da kaya tare suke tafiya.

Bari in kawo lissafin da kamfanonin suka fitar da kansu. A nan da ƙafa da inci suke awo, na mayar muku da shi lita da santimita, kuma don a gane da kyau a tuna da jarka mai lita 25. Toyota Highlander, wadda ta fi kowace jif mai layi uku farin jini a wajenmu, ƙirar 2008 zuwa 2013 wurin kayanta a bayan layi na uku kusan lita 290 ne, wato kamar jarka 12. Ƙirar 2014 zuwa 2019 ya kai kusan lita 390, daga 2020 kuma kusan lita 450. Wurin ƙafa a layin bayan waɗannan biyun na ƙarshe santimita 70 ne. Honda Pilot ƙirar 2016 zuwa 2022 ta ɗan fi ta sakewa, santimita 81, amma but ɗinta kusan ɗaya ne da na Highlander ƙirar 2020. Kuma wannan awon har rufin mota ake yinsa. Wanda ya cika but har sama ya toshe wa direba madubi, kuma ranar da aka taka birki da ƙarfi kayan a kan mutanen baya za su zubo. Abin da za ka iya amfani da shi cikin kwanciyar hankali bai kai adadin da ke takarda ba.

Toyota ma ta san da wannan ƙorafi. Shi ya sa ta fito da Grand Highlander a ƙirar 2024, ta ƙara mata tsawo, wurin ƙafa a baya ya koma santimita 85, but kuma kusan lita 580.

Sai dai santimita ba ita kaɗai ce magana ba, kuma nan ne na fi so a tsaya a fahimta. Abin da ke gajiyar da mutum a layin baya shi ne tsayin kujera daga daɓen mota. A ƙarƙashin wannan layi ne tayoyin baya suke, da aksil, sau da yawa har da safayar taya. Manyan jif da aka gina a kan shasi irin na akori-kura, masu aksil guda da ya haɗa tayoyin baya biyu, dole a bar wa wannan ƙarfe wurin hawa da sauka, sai daɓen ya tashi sama. Rufi kuma ba ya tashi, don haka sai a sauke kujerar ƙasa-ƙasa don kada kai ya taɓa sama. Wanda ya zauna sai ya zama kamar yana kan kujera 'yar tsugunno, gwiwa ta tashi zuwa ƙirji, cinya ba ta kwanta a kan komai ba, duk nauyin jiki ya koma ƙugu. Rabin awa ba komai. Daga Kano zuwa Maiduguri azaba ce.

Misalin da ya fi nuna wannan shi ne Chevrolet Tahoe da yayarta Suburban, waɗanda ake haɗawa a Arlington, nan cikin Teksas. Duk girman Tahoe ta 2015 zuwa 2020, wurin ƙafa a layinta na uku santimita 63 ne kacal, bai kai na Highlander ba. A ƙirar 2021 aka cire aksil guda, kowace tayar baya ta samu hannunta daban, daɓe ya sauka, aka kuma ƙara tsawon motar. Wurin ƙafa ya koma kusan santimita 89, but ya tashi daga kusan lita 430 zuwa 720. Ford ta riga ta yin haka a Expedition tun ƙirar 2003, shi ya sa layin bayanta ya daɗe yana da suna wajen zama. Toyota Sequoia kuwa baya ta koma: ƙirar 2008 zuwa 2022 tana da sakakken layin baya, amma ta 2023 an mayar mata da aksil guda, an kuma sa batirin injinta mai haɗa fetur da lantarki a ƙarƙashin kujerun baya, sai daɓe ya tashi, kujerun ma ba sa kwanciya su daidaita da but. Ashe sabuwar ƙira ba kullum take fin tsohuwa ba. Land Cruiser da tsofaffin Prado masu kujerun baya da ake naɗewa a jingina su a gefe, su ma ko an naɗe su suna cin faɗin but, zaman kuma na yara ne.

Suburban ce kaɗai daga cikin waɗanda na ambata za ta ɗauki manya takwas da akwatunansu ba tare da an yi dabara ba. A ƙirar 2021 wurin ƙafa santimita 93, but kusan lita 1,175, jarka 47 ke nan. Amma tsawonta ya haura mita 5.7, injinta na fetur silinda takwas, tankinta ya fi lita 100. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da cika irin wannan tanki yake nufi. Ga lungunan cikin gari, ga garejin gida da aka gina da ƙaramar mota a rai. Kafin mutum ya saya, ya fara zagawa Ƙofar Ruwa ko Panteka ya tambayi kayan gyaranta, ya kuma tabbata bakanikensa ya san ta.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ga mai iyali da yawa wanda mafi yawan tafiyarsa a kan kwalta take, Sienna ta fi kusan duk jif ɗin nan. Na san yadda ake kallonta a gida: motar haya, 'yar uwar Sharon, ba motar da babban mutum zai fito daga ciki a wajen ɗaurin aure ba. Amma ku duba. Sienna ƙirar 2011 zuwa 2020 tana da wurin kaya fiye da lita 1,100 a bayan layi na uku, wurin ƙafa kuma santimita 92. Wato dab take da Suburban, da injin silinda shida, kuma ta fi ta gajarta nesa ba kusa ba. Sirrin shi ne daɓenta a ƙasa yake, kuma akwai rami mai zurfi a bayan kujerun, inda akwati ke tsayawa a tsaye, buhu ya zauna daram. Ƙofarta ta zugewa ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta shiga ba sai an tallafe ta ba. Honda Odyssey ma haka take. Bayan tafiyar Dallas irin wannan motar na saya, kuma sauran watannin da Hajiya ta yi a nan a cikinta muka yi ta yawo.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Cikinta kusa da ƙasa yake, tazarar kusan santimita 16 ce, Highlander kuwa kusan 20. Wanda garinsu sai an bi burji ko yashi, ko hanyar da ruwa ke cinyewa da damina, yana da hujjar neman jif. Shi sai ya saya da sanin cewa motar mutum biyar ya saya, da kujeru biyu na yara ko na gajeriyar tafiya.

Akwai kuma nauyi, wanda ba mu cika kula da shi ba. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. A yawancin matsakaitan jif adadin yana tsakanin kilo 500 da 700. Manya bakwai masu kilo 70 sun tashi kilo 490. Ƙara buhun shinkafa biyu, an kai 590, ba a sa akwati ko ɗaya ba. Idan but ya ƙi ɗauka sai mu ɗaura a kariyar saman mota, nauyi ya koma sama, ga mota dama doguwa ce. Haka take rasa daidaito a kwana, birki ya ƙara nisa, shokozoba ta mutu da wuri, taya ta yi zafi a kan kwaltar watan Afrilu ta fashe. Ku buɗe ƙofa ku karanta takardar nan, ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne su wa muke turawa can baya. Maigida yana gaba, uwargida tana tsakiya. Baya ta yara ce, da 'yar aiki, da ƙanin da ya roƙi a rage masa hanya, wato waɗanda kunya ba za ta bar su su ce sun matsu ba. Ɗana ya yi magana don a nan ya tashi. Yaron gida zai yi shiru ne har a isa. Tagar layin baya a yawancin jif ba ta sauka, idan kuma babu hancin esi a wurin, ko yana nan amma ya daina aiki kamar yadda ake yawan samu a motar hannu, to a zafin Sakkwato da ya haura digiri 40 yaran suna dahuwa ne alhali na gaba yana jin sanyi. Su ne kuma suka fi kusa da ƙofar but idan wata mota ta daki baya. Don haka a tabbata kowace kujera tana da bel mai aiki da matashin kai, kuma jakar iska ta gefe, wadda ke saukowa kamar labule, ta kai har layi na uku. Motar gwanjo da ta taɓa haɗari, a bincika ko an mayar da jakunkunan iskarta da gaske.

Ga wanda zai je wajen dillali a makon nan, roƙona kada ya fara da sitiyari. Ya tafi da wanda ya fi kowa tsawo a gidan. Ya gyara kujerar direba daidai zamansa, wani babba ya zauna a tsakiya ya gyara tasa, sannan shi mai sayen da kansa ya shiga can baya, a rufe ƙofofi, a kunna esi, ya yi minti goma. Ya lura ko cinyarsa ta kwanta, ko tafin ƙafarsa na shiga ƙarƙashin kujerar gabansa, ko iska na iso shi, da yadda fitowa take. Daga nan a bar kujerun a tsaye, a kawo akwatunan da ake tafiya da su da kula da jakar gana-mas-go, a gwada rufe but. Wanda kuma zai yi oda daga nan, ya sa a ɗauko masa hoton but kujeru a tsaye, da hoton babban mutum zaune a layin baya, da hoton takardar nauyin nan.

Mutanen nan uku da suka kira ni, biyu sun yarda a nemo musu Sienna. Na ukun ya tsaya a kan Highlander saboda hanyar ƙauyensu, muka yi lissafi tare, ya ce ranar tafiyar Sallah zai riƙa tura buhuna a motar tasha tun ana gobe.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya kiyaye hanya.

Naku,
ɗan uwanku a Houston