Sawun guduma a jikin awarwaro

Ni dai sana'ata lanƙwasa waya ce, ni da yara biyu da nake koya wa, muna yin awarwaro da ɗan kunne da zobe duk da hannu. Kayan aikin ma ba wani tarkace ba ne, guduma ce da 'yar uwar maƙera da filaya kala uku da magagari, shi ke nan.

Kwanaki wani bawan Allah ya zo yana so a yi wa matarsa awarwaron azurfa mai harafin farko na sunanta, na ce ya je ya zagaya zare a wuyan hannunta ya ƙulla ya kawo min, don ni bana aiki da "kamar hannun wance take". Da ya dawo karɓa sai ya tsaya yana ta jujjuya abin a hannu, can ya ce Malam wannan tabo-tabon fa, ba za a goge ba? Sawun guduma yake nufi. Na ce Alhaji zauna tukuna, na ciro waya na nuna masa hotunan aikin Alekzanda Kalda.

Shi Kalda ba ma maƙerin kayan ado ba ne asali, mutumin Amurka ne da ya yi suna wajen ƙera manyan siffofin ƙarfe, har da waɗanda ake ratayewa iska tana juya su, an haife shi a 1898 ya rasu a 1976. Amma tun yana ɗan shekara 8 yake tsintar wayar jan ƙarfe yana yi wa 'yartsanar yayarsa sarƙa, kuma kafin ya bar duniya ya yi kayan ado wajen 1,800, da yawansu kyauta ya bayar ga matarsa Luwisa da abokan arziki. Akwai wata mai zane Jojiya Okif, ya lanƙwasa mata waya ta ba da O da K, ta yi shekaru tana maƙala shi a gaban riga. Abin da ya fi burge ni, mutumin nan baya liƙa ƙarfe da wuta, sai dai ya naɗe waya ko ya huda ya sa ƙusa ya dame, kuma sawun gudumarsa yana nan ɓaro-ɓaro bai ɓoye ba.

Toh amma fa aikin ba sauƙi kamar yadda ido ke gani. Azurfar da muke saye mai lamba 925 ce, wato an sirka ta da ɗan jan ƙarfe don ta yi ƙwari, kuma kana dukanta tana ƙara tauri, in ba ka tsaya ka gasa ta ta yi laushi ba sai ka ji ƙas! Shi kansa awarwaron Alhajin na biyu ne, na farkon sauri ya sa na ƙi gasawa, ya tsage daidai kan harafin, wallahi ranar ko magana ban iya yi wa yaran ba.

Alhaji dai ya gama kallon hotuna ya ce shi bai san wani Kalda ba, amma a bar tabon. Bayan sati biyu sai ga shi da wani zaren a aljihu, wannan karon guntu, na 'yarsu.