A Keke Zuwa Garin Dervla Murphy

Layin dogon da ya haɗa Waterford da Dungarvan, a kudancin ƙasar Ayilan, ya daina ɗaukar fasinja tun 1967. A 2017 aka buɗe shi ga masu keke da masu tafiya a ƙafa, kilomita 46, ba mota ba babur. Ta nan na bi wata Asabar ta watan Yuni, da keken da na saya na hannu, da famfo da kayan faci a jaka, da littafi ɗaya da na naɗe a leda saboda ruwan ƙasar nan ba ya sallama. Niyyata in wuce Dungarvan in kai Lismore, garin matar da ta rubuta littafin.

Aikina kula da tsofaffi ne a wani gidan jinya, kuma yawanci da dare nake yi. Idan an gama juya masu buƙatar juyi, an ba kowa maganinsa, gida ya yi tsit, akwai 'yan sa'o'i kafin asuba da ba abin yi sai sauraron ƙararrawa. A nan na kamu da karatun labaran mutanen da suka ci ƙasa a kan keke. Na karanta na Thomas Stevens, wanda ya bar San Francisco a 1884 a kan irin keken nan mai ƙatuwar taya a gaba, ya zaga duniya, ya ƙare a Yokohama a ƙarshen 1886. Na karanta na Mark Beaumont, da ya tashi daga Alƙahira ya isa Cape Town a ƙasa da kwana 42 a 2015. Na jinjina masa ƙwarai, sai dai shi agogo ne ke korarsa, garuruwa na wucewa ba a tsaya an gaisa ba. Wadda ta zauna mini a rai ita ce Dervla Murphy. A Janairun 1963, cikin sanyin da Turai ta daɗe ba ta ga irinsa ba, ta hau kekenta daga Dunkirk ta Faransa, ita kaɗai, ta ratsa Yugoslabiya, Bulgeriya, Turkiyya, Iran, Afganistan da Pakistan, ta shiga Delhi a watan Yuli. Littafin, Full Tilt, ya fito a 1965.

Farkon hanyar daɗi ne zalla. Kogin Suir na gefen dama, shimfiɗe, ga wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido da ke tashi daga Kilmeaden, yara na ɗaga hannu ta taga. Da na rabu da kogin sai iska ta tare ni. A wannan yanki daga kudu maso yamma take yawan busowa, ni kuwa can na nufa. Hanya ba tudu, amma kana taka feda kamar kana jan buhun masara a bayanka. Na rage giyar keken, na sake ragewa. Sai na tuna cewa ita Dervla, kafin ta tashi, cire giyar kekenta ta yi gaba ɗaya, don tana ganin ba za ta jure hanyoyin Asiya ba, kuma ba inda za ta sami mai gyara. Da giya ɗaya ta haye duwatsun Afganistan. Na sha karanta wannan a kujerar aiki, ban taɓa jin nauyinsa ba sai da cinyoyina suka fara zafi. Wahalar da ta ci mata mako guda, ido kan haɗiye ta a shafi biyu.

A Kilmacthomas, kusan rabin hanya, na tsaya a wani tsohon gini na dutse da aka yi wajajen 1850 don tara matalauta, a ƙarshen babbar yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya a ƙasar. Yanzu wurin shan shayi ne da hayar kekuna. Na sayi shayi da burodin nan nasu na Waterford da suke kira blaa, mai laushi, gari fari fat a samansa, wanda sai ya bar maka shaida a gemu. Na ci na tashi.

Wurin da ba zan manta ba shi ne ramin Ballyvoyle, inda a da jirgi ke ratsa ƙarƙashin tudu, tsawonsa wajen mita 400. Kafin ka shiga, hanya kan nutse tsakanin bangon dutse biyu da gansakuka da ganyaye suka lulluɓe, kore shar, ruwa na tsatsafowa. Sanyi ya buge ni tun daga baki. A ciki tubali ne aka jera baka-baka tun 1878, fitilu ƙanana a jikin bango, ɗigon ruwa na sauka a wuyana, ƙarar sarƙar keke na dawo mini sau biyu. Ina fitowa ba da jimawa ba sai ga teku, ga rairayin Clonea, ga Dungarvan can gaba. A bakin ruwan na shimfiɗa rigar ruwata na haɗa Azahar da La'asar.

Daga nan babu sauran hanyar keke. Titin mota ne, N72, wajen kilomita 25, ta Cappoquin inda kogin Blackwater ke yin kwana ya nufi kudu. Motoci na wucewa daf da kafaɗata, duwatsun Knockmealdown na hannun dama. Na isa Lismore da yamma liƙis, ko da yake a Yuni rana kan kai kusan ƙarfe goma kafin ta faɗi. Na tsaya a kan gada, ga fadar garin a bisa kogi.

Garin ƙarami ne, cikin 'yan mintuna ka zaga shi. A nan aka raini Dervla, mahaifinta shi ne mai kula da ɗakunan karatu na gundumar. Ranar da ta cika shekara goma aka ba ta keke na hannu da littafin taswirori, a ranta ta ƙudura sai ta tuka zuwa Indiya. Amma mahaifiyarta na fama da amosanin gaɓɓai mai tsanani, wanda ya hana ta motsi. Tana da shekara 14 aka cire ta daga makaranta ta dawo jinya, kuma shekara 16 ta yi tana yi, sai ɗan hutun makonni da takan samu ta zaga Ingila ko Sifen. Mahaifin ya rasu a 1961, mahaifiyar a 1962. Tana da shekara 31 ta kama hanya.

Masu ba da labarinta sun fi son wurin da ta harbi kyarketai da ƙaramar bindigarta a Yugoslabiya, ko inda gindin bindiga ya karya mata haƙarƙari a cikin wata bas a Afganistan. Ni da na san abin da ake nufi da ɗaga baligi daga gado da tsakar dare, a wanke shi, a sauya masa shimfiɗa, a koma a sake bayan awa biyu, waɗancan shekaru 16 ne suka fi tsaya mini. Ni ana biyana, kuma gari na wayewa nake miƙa aiki in tafi gida. Ita ba mai karɓarta. A littafinta na 1979, Wheels Within Wheels, ba ta ɓoye yadda jinyar ta kusa karya ta ba, ba ta kuma mai da kanta waliyyiya ba. Wannan gaskiyar ce ta sa na yarda da duk abin da ta faɗa game da hanya. A garin nan ta rasu, ranar 22 ga Mayun 2022, tana da shekara 90.

Na zauna a bencin bakin titi na kira gida, Funtuwa. Ƙanwata ce ta ɗauka, ita ke tare da mahaifiyarmu tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita.

"Yaya, ina wuni? Na ji kamar kana haki."

Na ce keke na tuko, fiye da kilomita saba'in. Ta ce, "Kai, Yaya! Sannu da ƙoƙari." Na tambayi jikin Inna, ta ce da sauƙi, ta sha kunu, ta yi barci. Na ce, "Ke fa? Yaushe rabonki da fita, ko gidan biki?" Ta yi shiru, sannan ta ce ai ba komai, lada take nema.

Na ce mata Allah ya ba da ladan, amma ranar Litinin zan nemi hutuna na shekara gaba ɗaya, in zo a Nuwamba in karɓe ta, ta je Kaduna wurin Gwaggo ta huta. Ta ce sai ta gani a ƙasa. Na ce ta fara shirya jaka, sannan na tura keken na shiga neman masauki.